Shukata mai zagayayyen ganye (Pilea) tana zubar da ganye a zafin Garwa, dan Allah a taimaka

Maman Hanifa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya zafi. Dan Allah masu sanin harkar fulawa ina neman shawara akan wata shuka da ƙanwar maigida ta kawo min daga Yawunde, tace wai sunanta Pilea, masu sayarwa kuma suna ce mata shukar kuɗi ta ƙasar Sin saboda ganyenta zagaye yake kamar tsabar kuɗi, kore shar mai sheƙi kowanne da 'yar doguwar sandarsa. Lokacin sanyi ta zo min kuma a lokacin lafiyarta ƙalau har sabbin ganye take fitarwa daga sama, amma tunda zafin nan ya kankama abin ya canza, ganyen ƙasa sai suyi ɗorawa su faɗi ɗaya bayan ɗaya, na sama kuma sun lanƙwashe sun yi laushi, da rana tsaka in ka ganta duk ta sunkuyar da kai. Ina bata ruwa safe da yamma saboda kun san yadda Garwa take a watan Afrilu, tana cikin robar da tazo da ita sai dai na ƙara mata baƙar ƙasa daga bayan gida don naga ƙasarta ta sauka, kuma a kan tagar falo take wadda ke kallon yamma. Sannan a bayan ganyen akwai wasu ƙananan fararen ɗige-ɗige, ban sani ba ko ƙwari ne ko ciwo. Abin da ya hana ni cire rai shine akwai 'yan tsiro biyu da suka fito a gindinta kuma su da ɗan ƙarfinsu. Wallahi ina son shukar nan sosai, ita kaɗai ce kore a ɗakin. Me zanyi? Ko dai ba ta rayuwa a irin garinmu ne?

Baba Mai Lambu, Marwa

Wa alaikumus salam 'yata. Tana rayuwa, amma sai an yi mata dabara a watannin nan. Abu na farko daga yau ki dakatar da ruwan nan na safe da yamma. Na san da wuya mutum ya yarda, yana ganin shuka ta yi laushi a zafi ace kada ya bata ruwa, amma laushin da kike gani ba na ƙishi bane. Saiwar shuka ita ma numfashi take, in ƙasa ta cika da ruwa kullum iska ba ta shiga, ga kuma roba a jikin tagar yamma tana ɗaukar zafin la'asar, sai saiwar ta fara ruɓewa, in ta ruɓe kuma ba ta iya jan ruwa zuwa ganye ko da tukunyar cike take, shi yasa ganye ke laushi, ke kuma ki ga laushi ki ƙara ruwa, haka abin ke ta zagayawa har ta tafi. Baƙar ƙasar da kika ƙara in irin tamu ce mai danƙo wadda ake noman masakwa, dawar rani, a cikinta to ita ta ƙara riƙe ruwan, wannan ƙasar tana da kyau a gona amma ba ta tukunya bace sam, in ta jiƙe ta zama laka in ta bushe ta tsage ta matse saiwa.

Ga abin da za kiyi, da sassafe ko bayan magariba ba da rana ba. Ki kifa robar a tafin hannunki ki zare shukar a hankali, ki karkaɗe ƙasar ki duba saiwa. Mai lafiya fara ce ko ɗan ruwan ƙasa-ƙasa kuma da tauri, wadda ta mutu baƙa ce mai santsi da ɗan wari, in kin ja ta sai fatar ta zame. Duk mai santsin nan ki yanke da reza sabuwa. Sai ki nemi tukunyar ƙasa irin ta masu ginin tukwane, ƙarama, kada ta fi robar girma da yawa don babbar tukunya ƙasarta ba ta bushewa da wuri, kuma lallai a huda mata gindi, in ba huda kada ki saka. Haɗin da nake yi a nan: kashi ɗaya yashi mai manyan ƙwayoyi, ni daga mayo, wato kogi, nake ɗebowa in wanke, ku kuma ga Binuwai a ƙofarku, kashi ɗaya ruɓaɓɓen ganye wanda ya zama ƙasa a gindin bishiya, kashi ɗaya kuma gawayi da aka farfasa ƙanana haɗe da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da ya kwana biyu. Sai ɗan tsohon takin shanu wanda ya shekara, cikin hannu ɗaya. Gwajinsa shine in kin zuba ruwa ya fito ta ƙasa nan take, in ya tsaya a sama yana kallonki ki ƙara yashi da gawayi.

Ruwa kuma ba da lissafin kwana ake ba shi ba, da yatsa ake. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da sanyin danshi ki bari sai gobe, in ya bushe ki zuba sosai har ya zubo ta gindi ki zubar da wanda ya taru a faranti. Kuma ki ɗauke ta daga tagar yamma yau ɗin nan, ranar la'asar ta Garwa ko mutum ba ta bari ba.

Adda Mairo, Ngaundere

Sannu Maman Hanifa, Allah ya raya Hanifa. Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara da dalilin da yasa take wahala a wajenku don in mutum ya san asalin abu ya fi sanin yadda zai riƙe shi. Shukar nan 'yar kan dutse ce, asalinta kudu maso yammacin Sin, lardunan Yunnan da Sichuan, tana fitowa a jikin duwatsu masu danshi a inuwar daji a tudu mai tsayin mita 1,500 zuwa 3,000. Wato wuri ne mai sanyi da haske amma ba rana kai tsaye, ruwa yana saukowa ya wuce ba ya kwanciya. Zafin da ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 ne zuwa 25, in ya haura 30 ta fara takura, to ku kuma a Maris da Afrilu kuna wuce 40. Mu nan Ngaundere da yake muna kan tudu wajen mita 1,100 kusan ba ta ba mu wahala, tawa a baranda take shekara da shekaru, amma da zarar an gangara wancan gangaren na hanyar Garwa wata duniya ce daban.

Don haka a bazara kada ki sa ran girma, ba za ta yi ba, tsayawa take cak tana jiran sauƙi, aikinki kawai ki tsallakar da ita zuwa damina da rai. Ko ta zubar da rabin ganyenta in dai karan tsakiya da tauri kuma kan nan na sama kore ne to tana nan. Ganyen ƙasa dama yana tsufa ya faɗi ko a lafiyayya, da haka take yin kara tana tsawo, ba ta cika wuce santimita 30 ba. Abin tsoro shine in suna faɗuwa da yawa a tare ko kara yayi baƙi daga gindi.

Wuri kuma ki nema mata inda ya fi ko'ina sanyi a gidan amma da haske, kusa da tagar gabas da labule mara kauri ya fi, ta sha hasken safe kafin ya yi zafi. In ɗakin kwano ne babu silin ki sauke ta ƙasa kada ki ɗora a kan kabad don zafi sama yake taruwa, in kuma kuna da ɗakin ƙasa ko inda randa take to nan ne wurinta. Kada dai ki kai ta lungu mai duhu don gudun zafi, a duhu sandunan ganye suke tsawo ganyen ya ƙanƙance ta rame. Kuma tana bin haske sosai, duk ganyen sai su juya su kalli taga, shi yasa duk lokacin da kika bata ruwa ki ɗan juya tukunyar kaɗan don kada ta karkace gefe guda.

Tarihinta ma yana burge ni. Wani ɗan Scotland mai tara tsirrai, George Forrest, ya ɗebo ta a Yunnan tun 1906 amma aka adana a ɗakin bincike aka manta. Wanda ya shigar da ita gidajen mutane wani ɗan mishan ne ɗan Norway, Agnar Espegren, ya fito da ita daga Sin ya bi ta Indiya ya isa gida a 1946, ya riƙa raba 'ya'yanta wa abokai, su ma su raba, ta cika tagogin Norway da Sweden har Ingila ba a kasuwa ba hannu da hannu, masana ma sun daɗe ba su gane ko wace shuka bace, sai 1984 mujallar lambun Kew na Landan ta buga hotonta. In na tuna haka sai in tuna mu ma 'yan Norway sun zauna a garin nan tun 1925 har unguwa guda ake kira da sunansu, duk da ni dai tawa daga Yawunde ta hawo kamar shukarki, a jirgin ƙasa.

Wani abu kuma ki tabbatar Pilea ɗin ce, don masu fulawa a bakin titi suna sayar da wasu da sunanta. Ta gaske gefen ganyenta sumul yake, sandar tana kama ganyen ta ƙarƙashi kusa da tsakiya kuma ta sama za ki ga ɗan ɗigo mai haske a daidai wurin, duk sandunan daga kara ɗaya suke fitowa. Akwai wata mai zagayen ganye da ɗan tsaga-tsaga a gefe mai yaɗo a ƙasa, wannan 'yar fadama ce ita ruwa take so kullum, in aka bi shawarar Pilea akan 'yar fadamar an kashe ta.

Abakar, Njamena

Salam. Hajiya fararen ɗigon nan ki gwada goge su da yatsa. In ƙanana ne masu tauri kamar gishiri kuma a warwatse a bayan ganye to ba ciwo bane ba ƙwari bane, gishirin da ke cikin ruwa ne shukar ke fitarwa ta ƙofofin ganyenta, ba ya cutar da ita, yana dai nuna ruwanki yana da nauyi. Mu nan masu ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, mun saba gani, har bakin tukunya yake yin fari. Wasu suna cewa a bar ruwan pampo ya kwana, eh kwanan yana rage warin maganin da ake zubawa amma ba ya cire gishiri ko kaɗan. Abin da ke aiki shine ruwan sama, in damina ta zo ki cika bido, wato jarka, biyu uku ki rufe ki ajiye mata, shuka ɗaya ba ta shan da yawa. Ko ruwan da ke ɗiga daga bayan kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, wannan ba gishiri a cikinsa, ni da shi nake amfani duk bazara. Kuma ruwan kada ya zama wanda ya wuni a rana a bido ya yi zafi, kada kuma ya zama na firij.

In kuma farin abin taushi ne da shi kamar auduga, ya taru a inda sandar ganye ta haɗu da kara, ganye yana danƙo tururuwa na hawa, to wannan ƙwari ne masu tsotson ruwan shuka. Ki jiƙa auduga da alkwal na famasi ki goge su ɗaya ɗaya, bayan sati ki sake dubawa don ƙwai suna ƙyanƙyashewa. Akwai kuma wasu da ido da ƙyar yake ganinsu masu saƙa siririyar yana a bayan ganye, ganyen sai yayi ɗige-ɗige ya koɗe, su bushewar iska da ƙura suke so, lokacin hunturu da bazara suka fi yawa. Maganinsu wanke ganye sama da ƙasa da ruwa, in sun yi yawa a sa ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa da ɗan man darbejiya a fesa da yamma, banda omo, omo ƙone ganye yake. Ko ba ƙwari ma ki riƙa goge ganyen da tsumma mai laushi a jiƙe saboda ƙurarmu in ta kwanta a kai tana tare haske. Kada ki shafa mai ko madara don ya yi sheƙi, toshe ganyen yake.

Maganar kilim, tawa a ɗaki mai kilim take kuma tana jin daɗi amma nesa da inda iskar ke bugawa. Sai dai in wuta tana yawan ɗaukewa a unguwarku kuma ɗakin a rufe yake ruf, sanyi na awa biyu sannan zafi kamar me na awa shida, gara ɗakin da iska ke ratsawa.

Baba Allah ya ƙara girma, a wuri ɗaya ne kawai nake ganin a ɗan jinkirta, wato takin shanun. Shukar da aka yanke wa saiwa ga zafi, ina ganin ko tsohon taki ne a bari sai ta farfaɗo, kuma a cikin ɗaki taki yana jawo ƙananan ƙudajen nan baƙaƙe masu tashi daga ƙasar tukunya.

Maman Hanifa, Garwa

Kai jama'a na gode ƙwarai, useko, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na zare ta jiya bayan magariba, saiwar ƙasa duk ta yi baƙi da santsi kamar yadda ka faɗa amma na sama kusa da kara farare ne da dama, na yanke marasa kyan na saka ta a tukunyar ƙasa da yashi da gawayi da ƙasar gindin mangwaro, takin na bari tukuna. Yanzu tana tsakar ɗakin inna kusa da randa, tagar gabas ce. Malam Abakar na goge ɗigon, gishirin ne. Saura tambaya biyu, 'yan tsiron nan in cire su yanzu ne ko in bar su jikin uwar? Sannan Hanifa ta fara rarrafe komai baki take kaiwa, ga kyanwa a gidan, shin ganyen yana da dafi? Wata maƙwabciyata kuma tace wai in na bayar da ɗanta na bayar da arzikin gidana, ni dai hankalina bai kwanta da maganar ba.

Adda Mairo, Ngaundere

Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, ba ta cikin shuke-shuke masu dafi, ba ta cutar da yaro ko kyanwa ko kare. Duk da haka ki ɗaga ta inda hannun Hanifa ba zai kai ba saboda ƙasa da gawayin da za ta iya cusawa a baki, ga sandunan ganyen da saurin karyewa. Wadda za ki yi hattara da ita ita ce mai yaɗo ɗin nan mai ganye kamar zuciya da ake sakawa a kwalba, ita ma wasu shukar kuɗi suke ce mata, wannan in yaro ya tauna tana ƙona baki da maƙogwaro.

Maganar maƙwabciya kuwa, arziki na Allah ne, ganye bai kawo shi bai kuma tafi da shi. Da waɗanda suka fara samunta sun riƙe 'ya'yanta da ba ta iso Garwa ba.

'Yan tsiron ki bar su yanzu, uwar ta sha wuya jiya, su ma ba za su jure yanka a wannan zafin ba. Ki jira ruwa ya sauka iska ta yi sanyi, wajen Yuni haka, kuma kowanne ya kai tsawon yatsa da ganye huɗu ko biyar. Iri biyu ne, akwai mai fitowa daga cikin ƙasa ɗan nesa da uwar, akwai mai fitowa a jikin kara. Na cikin ƙasa ya fi sauƙi, ki tone a hankali ki bi shi ƙasa kamar santimita 2 ko 3 ki yanke da reza mai tsabta, yawanci za ki same shi da 'yan saiwoyinsa, sai ki dasa kai tsaye a ƙaramar tukunya da irin haɗin nan, shi kam a makonnin farko kada ƙasarsa ta bushe ƙarƙaf. Na jikin kara ba shi da saiwa, shi sai ki tsoma gindinsa a ƙaramin kofin gilashi da ruwa, ganye kada ya taɓa ruwan, ki riƙa canza ruwan duk bayan kwana biyu don a zafi yana saurin lalacewa, cikin sati biyu zuwa uku za ki ga fararen saiwa, in sun kai tsawon gaɓar yatsa ki mai da shi ƙasa. Ganye zalla in kin tsinke kin sa a ruwa zai iya yin saiwa amma ba zai zama shuka ba sai in ya fito da ɗan ɓallin kara a gindinsa. Ni shawarata ɗaya ki ajiye a wani ɗaki daban ɗaya ki ba wa wadda gidanta ya fi naki sanyi, in bazara mai zuwa ta yi miki ɓarna kina da inda za ki karɓo iri.

Baba Mai Lambu, Marwa

Madalla 'yata, tunda akwai farar saiwa za ta tashi in sha Allah. Abakar ɗana maganarka daidai ce akan taki, ni na saba da na waje ne inda iska ke kaɗawa, na ɗaki a bari sai damina. In lokacin yayi ma kaɗan ake sawa, in na zamani ne NPK 'yan ƙwayoyi kaɗan a narka a lita guda na ruwa a zuba akan ƙasa mai danshi sau ɗaya a wata, kada a barbaɗa shi a gindi kamar na masara ko auduga, yuriya kuma kada ta kusance ta.

Ga dabarar da za ta taimake ki daga nan zuwa saukar ruwa. Ki samu wata tukunyar ƙasa da ta fi tata faɗi, ita ma mai huda, ki zaunar da tata a ciki, ki cika tsakaninsu da yashi ki riƙa jiƙa yashin safe da yamma, yashin kawai ba ƙasar shukar ba. Ruwan yana tsatsowa ta jikin tukunyar waje iska na busar da shi yana tafiya da zafi, yadda randa ke sanyaya ruwa, sai saiwar ta zauna da sanyi, hannunki da ya saba ba da ruwa sau biyu ma ya samu inda zai zuba. Da yake ita ma ta cikin tana ɗan shan danshi daga yashin za ki ga ƙasarta ta fi daɗewa kafin ta bushe, don haka yatsa dai kafin ruwa. In damina ta kankama ki cire ta daga cikin babbar don lokacin iska ta jiƙe dabarar ba ta aiki, sai dai ta jawo ruɓa.

A satin nan za ta iya ƙara zubar da ganye biyu uku, kada ki tsorata kada kuma ki sake tone ta don dubawa. Abin da za ki riƙa taɓawa gindin kara ne. In kin ji ya yi laushi ko baƙi yana hawa sama kada ki jira, ki yanke kan daga inda yake kore da tauri, ki cire ganyen ƙasa ki bar uku ko huɗu na sama, ki sa a ruwa kamar yadda Mairo ta faɗa, a irin wannan halin ki cire 'yan tsiron ma a ranar ko da ba su kai girman ba.